Allin launi a kwazazzaban Tekzas: tarihin Frank Reaugh

A Turai ta ƙarni na 18, allin launi, wanda Faransawa ke kira fastel, kayan aikin cikin ɗaki ne. Rosalba Carriera ta birnin Venis da Maurice Quentin de La Tour na Faransa sun yi suna da shi wajen zana fuskokin sarakuna da attajirai. Haɗinsa ba wuya: garin launi ne ake kwaɓawa da ɗan ƙaro, a mulmula shi kamar allin makaranta, a shanya. Daga cikin waɗanda suka fitar da shi daga zaurukan masu mulki suka kai shi daji, har ya zama shaidar tarihin wata ƙasa, akwai Frank Reaugh.

An haife shi a jihar Illinois ta Amurka a 1860, iyayensa suka ƙaura zuwa Tekzas a 1876. Ya tarar da ƙasar makiyaya: fili iya ganin ido, da garkunan shanu masu dogayen ƙahoni da ake korawa arewa zuwa tashoshin jirgin ƙasa. Ya koyi zane a Saint Louis, sannan a makarantar Julian ta birnin Paris a 1888 da 1889. Da ya komo ya zauna a Dalas, amma kusan kowace shekara, har cikin shekarun 1930, sai ya ɗaura kaya ya nufi yamma, da farko a keken doki, daga baya a mota, sau da yawa tare da almajiransa.

Me ya sa alli, ba fentin mai ba? Duk wanda ya san ƙasar fari zai gane dalili. Fentin mai yana jimawa bai bushe ba, ƙura kuwa ba ta jira. Iska ɗaya ta isa ta manna yashi a kan aikin yini guda. Fentin ruwa yana bushewa tun mai zane bai gama shafawa ba, ga ruwan kansa abin tattali ne. Alli ba ya bukatar ruwa, ba ya bukatar jira. A kwazazzabo kuma lokaci shi ne kome: dutsen da yake ja da hantsi yakan koɗe da azahar, da la'asar sakaliya ya koma shuɗi-shuɗi, inuwa na sauya wuri kafin a kammala layi goma. Saboda haka Reaugh yakan yi zanensa ƙanana, da yawansu ba su fi tafin hannu ba ƙwarai, ya gama su kafin hasken ya gushe. Da hannunsa yake haɗa allinsa, masu kusurwoyi maimakon zagayayyu, ya kuma ƙera wani madogarin allo mai naɗewa da ake ɗorawa a cinya. An ƙiyasta ayyukansa sun haura 7,000.

Sai dai alli yana da nasa rauni. Launin zaune yake kawai a kan takarda, yatsa ɗaya na iya share shi, shi ya sa ake adana irin waɗannan zane a bayan gilashi.

Cikin wuraren da ya zana akwai Palo Duro, kwazazzabo mai tsawon wajen kilomita 190 da zurfin kusan mita 240. Wurin yana da tarihin da zanen ba ya faɗa. A 1874 sojojin Kanar Ranald Mackenzie suka afka wa sansanonin Komanci da Kayowa da Shayan a cikinsa, suka ƙone bukkokinsu da guzurinsu na hunturu, suka karkashe dawakinsu fiye da 1,000. A 1876 Charles Goodnight ya shigo da shanunsa. Shirun da ake yabawa a zanen Reaugh, shirun ƙasa ce da aka riga aka kori masu ita. Su ma makiyayan ba su daɗe suna sakewa ba: wayar ƙaya, wadda Joseph Glidden ya yi wa rajista a 1874, ta yayyanka filin gunduwa-gunduwa cikin ƴan shekaru, aka rufe burtalai.

A 1933 Reaugh ya gabatar da jerin manyan zane bakwai na alli, masu nuna kwana ɗaya na garke a kan hanya, abin da a lokacin tsofaffi kaɗai ke iya tunawa. Ya rasu a Dalas a 1945, ba shi da wata dukiya. Kaso mai yawa na zanensa yana gidan tarihi na Panhandle-Plains, a garin Canyon, kusa da bakin Palo Duro.