TARIHIN INJI MAI BUGU BIYU DA MAI BUGU HUƊU

Ya kai mai karatu, a nan Kurni ba mu da kogin da jirgi zai bi. Amma kana jin labarin masunta na tafkin Cadi. Wataƙila ma ka ci bandar da ta fito daga can. Injin da ke tura kwalekwalensu ɗan'uwan injin babur ne, kuma ɗan'uwan injin ban ruwa na garkarka. Dukansu iri biyu ne. Saurari tarihinsu, domin ranar saye ka san abin da za ka zaɓa.

Mafarin abin

A cikin kowane inji akwai wani ƙarfe da ake kira fistin. Yana hawa yana sauka cikin bututu. Fetur ya kama wuta, ya tunkuɗa shi, shi kuwa ya juya ƙafar babur ko farfelar jirgi.

A shekarar 1876 wani Bajamushe mai suna Nikolaus Otto ya ƙera inji mai bugu huɗu. Bugu na farko, fistin ya zuƙo mai da iska. Na biyu, ya matse su. Na uku, wuta ta tashi. Na huɗu, ya fitar da hayaƙi. A 1881 Dugald Clerk, mutumin Sikotilan, ya fito da mai bugu biyu. Shi wannan, hawa ɗaya da sauka ɗaya, aiki ya ƙare.

Yadda inji ya hau ruwa

A 1909, a garin Milwaukee na Amurka, Ole Evinrude ya fara sayar da ɗan injin da ake ratayawa a bayan kwalekwale. Mai bugu biyu ne, don ba shi da nauyi. Kamfanin Yamaha na Japan ya shiga sana'ar a 1960. Kamfanin Honda ya biyo baya a 1964, amma shi da mai bugu huɗu ya zo.

Sannu a hankali injunan suka iso kogin Kwara da tafkin Cadi. A 1963 faɗin tafkin ya kai murabba'in kilomita 25,000. Farin 1973 da na 1984 suka janye ruwan, har gaɓa ta yi wa N'gigmi nisa. Masunta suka bi kifi zuwa tsibirai. Tafiya ta yi tsawo, filafili da gora ba su isa ba. Wanda ke da inji shi ke riga kai kifi kasuwa.

Fari ɗin nan na 1984 mu ma ya taɓa mu. Bayansa ne gwamnatin Seyni Kunce ta matsa wa jama'a su kama noman rani. Daga baya injin ban ruwa ya shiga fadamun Matamaye, inda ake noman rake da kayan miya.

Abin da ya kayar da mai bugu biyu

Mai bugu biyu ba shi da ma'ajin baƙin mai. Sai an gauraya baƙin mai da fetur, su ƙone tare. Shi ya sa tsofaffin babura irin su Vespa da Mobylette ke fitar da shuɗin hayaƙi. Ban da haka, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na man yakan fita bai ƙone ba. A kan ruwa, cikin ruwan kifi yake zuba.

Saboda haka a 1996 Amurka ta kafa dokar rage hayaƙin injunan jiragen ruwa. Kamfanoni suka karkata ga mai bugu huɗu. A 2020 aka daina ƙera injin Evinrude kwata-kwata. Babura ma haka. Galibin waɗanda ƴan kabu-kabu ke hawa yau masu bugu huɗu ne.

Duk da haka mai bugu biyu bai mutu ba. Masunta da yawa a Afirka suna riƙe da shi. Kayan cikinsa kaɗan ne. Makaniken ƙauye yana kwance shi ya ɗaura a yini ɗaya.

To, wanne za ka saya?

Mai bugu biyu ya fi araha, ya fi sauƙin ɗauka da gyara. Amma yana shan mai, yana da ƙara. In ka manta da baƙin mai sau ɗaya, inji ya ƙone. Awon da aka fi bi shi ne kashi 1 cikin 50, wato rabin lita na baƙin mai a jarka mai lita 25. Duba takardar injinka ka tabbatar.

Mai bugu huɗu ya fi tsada, ya fi nauyi. Amma yana tattalin mai. Shi ba a gauraya masa kome. Sai dai ka riƙa duba baƙin mansa, kana juye shi a kan lokaci. Kada ka kwantar da shi ta gefen da bai dace ba, don man zai malale cikinsa.

Tun da Najeriya ta cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023, mu mutanen bakin iyaka mun ji a jika. Kuɗin saye sau ɗaya ake biya, kuɗin mai kuwa kullum ne. In aikinka na kowace rana ne, kamar ban ruwa, mai bugu huɗu zai mayar maka da kuɗinka. Kafin ka miƙa kuɗi, tambayi makanike ko ana samun kayan gyaran injin a Matamaye ko Damagaram. Matambayi ba ya ɓata.