Baƙon da Tsawa Ta Jefa Rum ta Dā

Tun da marubucin Ingila H. G. Wells ya fitar da The Time Machine a 1895, marubutan ƙagaggun labaran kimiyya suka sami hanyar yi wa tarihi tambaya: da za a mayar da mutumin yau zamanin da ya shuɗe, me zai iya sauyawa? Sau da yawa Rum suke kai jarumansu, domin rushewar ɓangaren yammacin daular a 476 ta daɗe tana ci wa Turawa tuwo a ƙwarya.

Fitaccen misali shi ne Lest Darkness Fall na Ba'amurke L. Sprague de Camp, wanda ya fito a mujalla a 1939, ya zama littafi a 1941. Jaruminsa, Martin Padway, masanin kayan tarihi ne da ya ziyarci birnin Rum a 1938. Tsawa ta faɗi kusa da shi, sai ya tsinci kansa a shekarar 535. A lokacin Italiya tana hannun ƙabilar Goth, Sarki Justinian na Rumawan gabas kuwa yana shirin ƙwato ta. A tarihi na haƙiƙa, wannan yaƙi ya kai har 554, ya bar ƙasar a ragargaje.

Padway ya san abin da ke tafe, ya ƙudurta tare shi. Ya gwada haɗa albarushi, abin ya faskara. Abubuwan da suka karɓe shi su ne lambobin lissafin da muke amfani da su yau, da injin ɗab'i, da jarida, da hasumiyoyin isar da saƙo daga gari zuwa gari. Hujjar marubucin ke nan: ana iya ƙone birni, amma ilimin da aka buga kofi dubu ya fi ƙarfin gobara ɗaya. Ya kuma faɗi haka ne a shekarar da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke.

Sai dai ɗalibi ya lura: duhun da sunan littafin yake nufi na yammacin Turai ne kaɗai. Lambobin da Padway ya koya wa Rumawa asalinsu Indiya ne, kuma daga hannun malaman ƙasashen Musulmi suka isa Turai, musamman ta littafin da Al-Khawarizmi ya rubuta a Bagadaza a ƙarni na 9.