Baƙin Douglas: Barden da Ya Ƙwato Gadon Ubansa

A kudancin ƙasar Sikotilan, a yankin Lanarkshire, akwai wani kwari mai suna Douglasdale. Daga nan zuriyar Douglas ta samo sunanta. Kakansu na farko da takardu suka ambata, William, ya bayyana ne a ƙarshen ƙarni na 12 yana shaida a kan wata yarjejeniya. A lokacin masu gonaki ne kawai, ba su kai matsayin manyan sarakuna ba.

Wanda ya fara jawo wa gidan suna shi ne wani William na baya, mutum mai taurin kai da ba ya tsoron kowa. Shi ke riƙe da ganuwar Berwick a 1296, lokacin da Sarki Edward na Ɗaya na Ingila ya ci garin da yaƙi. Shekara guda bayan haka ya bi William Wallace cikin tawaye. Aka kama shi, aka kulle shi a kurkukun Landan, can ya rasu. Edward ya ƙwace ƙasarsa ya ba wani Ba'ingile, Robert Clifford.

Ɗansa James, wanda mahaifiyarsa 'yar gidan Stewart ce, ya tashi maraya, ba gona ba gida. Ya zauna a Faris, sannan ya dawo ya zama yaron William Lamberton, babban limamin Kirista na St Andrews. An ce limamin ya kai shi gaban Edward don roƙon gadonsa, amma da sarki ya ji sunan mahaifin, sai ya kore su. Saboda haka a 1306, da Robert Bruce ya tashi neman sarautar Sikotilan, James ya yi masa mubaya'a, domin nasarar Bruce ce kaɗai hanyar komawarsa gidan ubansa.

Farkon lamarin da wuya. An fatattake su a Methven, suka koma zaman daji. A nan James ya ƙware a kwanton ɓauna da harin dare. Wata Lahadi ya afka wa sojojin Ingila da ke tsaron gidan mahaifinsa suna cikin coci. Ya tara abincinsu, ya cinna wa ginin wuta, ya lalata rijiyar, don ya san ba zai iya riƙe wurin ba, kuma bai yarda maƙiyi ya more shi ba.

A watan Fabrairu 1314 ya nufi ganuwar Roxburgh. Mutanensa suka lulluɓa da baƙaƙen mayafai, suka yi rarrafe cikin duhu har masu gadi suka zaci shanu ne ke kiwo. Kafin a ankara sun maƙala tsanin igiya sun haye ganuwa. A watan Yuni, a filin yaƙin Bannockburn, aka naɗa shi barde, ya kuma bi Sarki Edward na Biyu na Ingila da sukuwa har Dunbar. Mutanen arewacin Ingila, da ya addaba da hare-hare, suka sa masa Baƙin Douglas; 'yan ƙasarsa kuwa suna kiransa James nagari.

Kafin Bruce ya rasu a 1329, ya yi wasiyya a kai zuciyarsa yaƙin addini, tunda bai samu zuwa da ransa ba. James ya sa ta a akwatin azurfa, ya shiga jirgin ruwa. A Sifen ya haɗu da rundunar Sarki Alfonso na Goma Sha Ɗaya, mai yaƙi da daular Musulmi ta Garnaɗa. A watan Agusta 1330, kusa da garin Teba, aka kashe shi.

Abokan tafiyarsa suka mayar da zuciyar Bruce aka binne a Melrose, ƙasusuwan James kuma a cocin St Bride da ke Douglas. Daga nan zuriyarsa suka sa jar zuciya a tambarinsu, kuma cikin ƙarni ɗaya suka zama gida mafi ƙarfi a kudancin Sikotilan, har sarakunan Stewart suna shakkarsu.