Cinikin biri a sama: yadda aka musanya Herschel Walker a 1989

Duk wanda ke da matashi a gida ko a aji ya san gardamar da ke tashi idan wata ƙungiyar tamola ta Turai ta sayi ɗan wasa. Tun bai taka fili ba an gama yanke hukunci a fada, wannan ya ce an ci riba, wancan ya ce an tafka asara. Ni idan na ji irin wannan gardama, wani ciniki ne ke faɗo mini a rai, wanda aka yi a Amurka ranar 12 ga Oktoba 1989, a wani wasa da ba mu yi a nan. Na daɗe ina bibiyar tarihinsa, kuma sau biyu ke nan ina sake ra'ayi a kansa.

Wasan shi ne wanda Amurkawa ke kira ƙwallon ƙafa, alhali yawancinsa da hannu ake yi. Ƙwallon mai siffar ƙwai ne, mutum 11 ne a kowane ɓangare, filin kuma yadi 100 ne daga wannan gida zuwa wancan, yadi kuwa ya gaza mita kaɗan. Ana ba ƙungiya dama huɗu ta ci yadi 10, ko dai a jefa wa wani ƙwallon ya cafe, ko a danƙa wa wani ƙaƙƙarfa ya ruga da shi yana ture mutane. Herschel Walker mai gudu da ƙwallo ne. A 1982 ya karɓi kyautar Heisman ta gwarzon ƴan wasan jami'o'i, a kakar 1988 kuma ya ci yadi 1,514 da gudu shi kaɗai, sanye da rigar Dallas Cowboys.

Sai mun fahimci kasuwarsu kafin labarin ya yi ma'ana. A tamolar Turai kuɗi ake zubawa a ɗauki ɗan wasa. A gasar NFL ba ni gishiri in ba ka manda ake yi. Tun 1936 suke da tsarin zaɓen sabbin ƴan wasa: kowace shekara ƙungiyoyi na bi da bi suna ɗaukar samarin da suka fito daga jami'o'i, kuma wadda ta zo ta ƙarshe a bara ita ke fara zaɓa. A lokacin da nake magana ƙungiyoyi 28 ne, zagayen zaɓe 12. Kowace ƙungiya tana da gurbi ɗaya a kowane zagaye, kuma tana iya ba wata gurbinta, na bana ko na baɗi ko na baɗin baɗaɗa, ta karɓi ɗan wasa. To gurbi ba mutum ba ne. Ba shi da suna, ba shi da fuska. Yaron da za a ɗauka da gurbin 1992, a 1989 yana can farkon karatunsa na jami'a, ba wanda ya san ko zai yi kyau ko gwiwarsa za ta karye kafin lokacin. Wanda ya ba da ƙwararren ɗan wasa ya karɓi gurbi, cinikin biri a sama ya yi.

A Fabrairun 1989 wani attajirin man fetur, Jerry Jones, ya sayi ƙungiyar Dallas a kan kimanin dala miliyon 140, dalar Amurka fa, ba dalarmu ta kasuwa ba. Nan take ya sallami Tom Landry, wanda ya horar da ƙungiyar tsawon kaka 29, ya kawo abokinsa Jimmy Johnson daga jami'ar Miami. Ƙungiyar da suka tarar ta lalace. A 1988 wasa 3 ta ci cikin 16, a 1989 kuma ta sha kashi a wasanninta biyar na farko a jere. Walker ne kaɗai kadarar da wasu ke sha'awa. Lissafin Johnson mai sauƙi ne: da Walker ana cin mu, ba Walker ma za a ci mu, to gara a sayar da shi tun yana da daraja. Shekarunsa 27, kuma masu gudu da ƙwallo ba su daɗewa, saboda su ne ake ta bugewa.

Minnesota Vikings kuwa wani hali take ciki dabam. Sau huɗu ta je wasan ƙarshe na Super Bowl a shekarun 1970, sau huɗu ta dawo hannu rabbana. A Janairun 1988 saura taki ɗaya ta sake zuwa, Washington ta tare ta da ci 17 da 10. Babban daraktanta, Mike Lynn, ya yi imani mutum ɗaya ya rage masa, kuma Walker ne mutumin.

Cinikin da aka ƙulla ya ƙunshi ƴan wasa da gurabe 18, har ya ja ƙungiya ta uku, San Diego, ciki. Minnesota ta karɓi Walker da wasu ƙananan gurabe huɗu. Dallas ta karɓi ƴan wasa biyar da gurabe uku na zaɓen 1990. Har sai da Jones ya ba Walker dala miliyon 1.25 kafin ya yarda ya tafi. Johnson ya fito gaban ƴan jarida ya ce ya yi babban fashin jirgin ƙasa, su kuwa da yawansu suka rubuta cewa shi aka yi wa fashin.

Kwana uku bayan haka Walker ya yi wasansa na farko a Minnesota, da Green Bay. Ya ci yadi 148 a gudu 18. A ɗaya daga ciki takalminsa ya fita, ya ci gaba da gudu da ƙafa ɗaya a safa, ya tashi da yadi 47. Minnesota ta ci 26 da 14. Da a daren nan aka rufe littafi, Lynn gwani ne. Dallas kuwa ta gama kakar da nasara ɗaya tak cikin wasa 16.

Sai dai akwai wani sharaɗi a takardar da mutane ba su kula da shi ba. Kowane ɗaya daga cikin ƴan wasa biyar ɗin an ɗaura masa gurbi: idan Dallas ta sallame shi kafin 1 ga Fabrairu 1990, sai Minnesota ta biya da gurbin da aka ɗaura masa. Lynn ya ɗauka ƙungiyar da ba ta da kowa ba za ta saki ƙwararru ba, musamman masu tsaron baya irin su Jesse Solomon da David Howard da Issiac Holt. Johnson kuwa tun farko ba mutanen yake so ba, guraben yake so. Da ya nuna da gaske zai sallame su, aka sake zama, Dallas ta riƙe waɗannan ukun, ta kuma karɓi guraben. Jimilla gurabe takwas: uku na zagayen farko, uku na zagaye na biyu, ɗaya na uku, ɗaya na shida.

A nan akwai wani lissafi da ke burge ni, wanda malamin lissafi zai ji daɗinsa. Farashin Walker bai tsaya ba ranar da aka sa hannu. Tunda wadda ta yi rauni ita ke fara zaɓa, duk lokacin da Minnesota ta sha kashi, gurbin da ta riga ta bayar ƙara tsada yake yi. A 1989 ta ci wasa 10, don haka gurbinta na 1990 ya zo na 21. A 1990 ta ci 6 kawai, sai gurbin 1991 ya hau zuwa na 11. Na 1992 ya zo na 13. Wato Lynn ya sayi kaya a kan farashin da zai yi sauƙi idan kayan ya yi kyau, ya yi tsada idan bai yi ba. Kuma bai yi ba. San Francisco ta fitar da Minnesota daga wasannin sili ɗaya ƙwale da ci 41 da 13 a Janairun 1990. Salon wasan ƙungiyar bai dace da Walker ba, shi da ya saba tsayawa can baya ya taso da gudu, a ba shi ƙwallo sau da yawa. Bai taɓa kai yadi 1,000 a kaka ɗaya ba a can: 669, sai 770, sai 825. A 1992 aka sallame shi ba tare da an karɓi komi ba, lokacin Lynn ya riga ya bar kujerarsa.

Dallas kuwa ta tashi: nasara 7 a 1990, 11 a 1991, 13 a 1992. Ta ɗauki Super Bowl a Janairun 1993, inda ta lallasa Buffalo 52 da 17, ta sake ɗauka a 1994, ta ƙara a 1996. Daga guraben Minnesota, kai tsaye ko ta hanyar sake musanyawa, aka samo Emmitt Smith da Russell Maryland da Kevin Smith da Darren Woodson. Emmitt Smith shi ne ya gaji aikin Walker, kuma har yau ba wanda ya kai shi yawan yadi da gudu a tarihin gasar, 18,355. Da na fara karanta wannan, sai na bi ayari na ce lalle ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, Johnson ya ga abin da kowa bai gani ba, Lynn kuwa an yi masa wayo.

Abin da ya sa na sake tunani wani ciniki ne da ba a cika ambata ba. Shekara biyu kafin na Walker, ranar 31 ga Oktoba 1987, Los Angeles Rams ta saki Eric Dickerson, wanda a lokacin ya fi Walker suna, ta karɓi gurabe uku na zagayen farko da uku na zagaye na biyu, da ƴan wasa biyu. Kusan farashi ɗaya ke nan. Amma samarin da Rams ta zaɓa ba su zama ginshiƙai ba, kuma daga 1990 ta yi shekara tara a jere asararta ta fi nasararta yawa. Iri ɗaya aka ba manoma biyu, ɗaya ya cika rumbu, ɗaya bai maida irin ba. Idan haka ne, ashe ba cinikin ne ya ɗauki kofi ba.

Ko Emmitt Smith ɗin ma ba shi Johnson ya fito nema ba. Wani mai tsaron baya yake so, James Francis, sai Cincinnati ta riga shi. Daga nan ya ba Pittsburgh gurbi na 21 da wani na zagaye na uku, ya hau zuwa na 17, ya ɗauki Smith, bayan an zaɓi mutum 16 an bar shi. Sauran taurari biyu na ƙungiyar, Troy Aikman mai jefa ƙwallo da Michael Irvin mai cafewa, suna Dallas tun kafin a sayar da Walker. Abin da Johnson ya iya, a ganina, shi ne ya san zai yi kuskure, don haka ya tara damar zaɓe da yawa har kuskuren bai dame shi ba. Ciniki 51 ya yi cikin shekara biyar, kuma samari da yawa da ya zaɓa ba wanda ke tuna sunansu yau.

Wannan yawan ciniki ne ya haifar da wani jadawali a Dallas a farkon shekarun 1990. Wani mai ƙaramin hannun jari a ƙungiyar, Mike McCoy, ya tattara cinikayyar da aka yi a baya ya ba kowane gurbi maki: na farko 3,000, na 16 maki 1,000, na 100 maki 100. Jadawalin ya bazu a sauran ƙungiyoyi har ya zama kamar mudun kasuwa. A 2005 wasu masana biyu, Cade Massey da Richard Thaler, wanda daga baya ya karɓi kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2017, suka auna shi da abin da ƴan wasan suka yi a fili. Suka gano ƙungiyoyi na tsawwala wa guraben farko farashi, suna kuma raina guraben shekara mai zuwa. Idan aka ɗauki ƴan wasa biyu masu aiki iri ɗaya, wanda aka fara zaɓa da wanda ya biyo shi, sau 52 ne cikin 100 na farkon ke fin na biyun. Da kaɗan ya fi jefa kwabo sama. Ku tuna waɗannan mutane ne da ake biya don wannan aiki kaɗai, suna auna tsawon yaro da nauyinsa da gudunsa, suna kallon faifan wasanninsa. Mu da muke auna yara da jarabawa, ba sai na faɗi abin da na ji ba da na ga wannan adadi.

Shi ma Lynn, ban ga tunaninsa wauta ce zalla ba. A 2021 ita wannan Rams ta ba Detroit gurabe biyu na zagayen farko da ɗaya na uku, haɗe da mai jefa ƙwallonta Jared Goff, ta karɓi Matthew Stafford, kuma a Fabrairun 2022 ta ɗauki Super Bowl. Caca iri ɗaya ce, ta ƙungiyar da ta ce mutum ɗaya ya rage mata, sai dai wannan karon ta ci. Bambancin da nake gani shi ne Rams ta sayi mai jefa ƙwallo, wanda kusan kowane hari ta hannunsa yake bi, Lynn kuwa ya sayi mai gudu, ya kuma kawo shi tsakiyar kaka cikin salon da ba nasa ba. Laifin da ba na iya yafe masa shi ne na sharaɗin nan. Ya sa hannu a takardar da ta bar wa abokin cinikinsa zaɓin farashi, yana dogara da zaton abin da mutumin zai so.

Walker kansa bai ƙare ba. Shekarar da Minnesota ta sallame shi ya ci yadi 1,070 a Philadelphia. A 1996 ya koma Dallas, watanni kaɗan bayan ta ɗauki kofinta na uku a shekarun 1990, ya yi kaka biyu a gefen Emmitt Smith, yawanci yana karɓar ƙwallon da aka bugo a farkon wasa yana gudu da shi. Ya yi ritaya bayan kakar 1997 bai taɓa buga Super Bowl ba.