Likitan Jankwano da Littafin Sito

Duk mutumin Jos ya san Jankwano. Asibitin da 'yan mishan na SIM suka buɗe a 1959, ya daɗe yana amsa sunan Evangel kafin ya koma asibitin koyarwa na Jami'ar Bingham. Yana cikin wuraren da aka fara horar da likitocin iyali a Najeriya, bayan kafa kwalejin ƙasa ta horar da ƙwararrun likitoci a 1979. A lokacin likitocin gama-gari ake ce musu.

A ganina, tafiyar da asibiti ba a aji aka fara koyonta ba, dole ce ta koyar. A asibitin mishan likita ɗaya ne zai yi tiyata da safe, ya karɓi haihuwa da dare, tsakani kuma a kawo masa littafin sito ya ga ruwan ƙari saura kwali biyu, man janareta ba zai kai Juma'a ba. Mai neman ƙwarewa na tsaye a bayan babban likita yana kallon yadda ake yanke hukunci: a sayo magani ko a biya albashi?

Sai 1986 ta zo da tsarin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Babangida. Naira ta faɗi, magani ya yi tashin gwauron zabi. Shekara guda bayan nan taron Bamako ya kawo dabarar asusun magani mai juyawa: a sayar, kuɗin ya koma sayo wani. A takarda abin da sauƙi. Amma ga manomi daga Bokkos ya kawo matarsa tana naƙuda, yana roƙon a ɗaga masa ƙafa sai ya tone dankali. In an yafe wa kowa, asusun ya mutu. In an kore shi, ina amfanin asibitin?

Inshorar lafiya ta ƙasa da ta fara aiki a 2005 ta juya lissafin. Ana biyan asibiti ƙayyadadden kuɗi duk wata a kan kowane mutum da ya yi rajista, ya zo ko bai zo ba. Likitan da ke rubuta gwaji barkatai, aljihun asibitinsa yake yagewa. Ga kamfanonin da ke tsakani, masu jan ƙafa wajen biya. Dokar 2022 kuma ta wajabta inshorar, Filato ma tana da hukumarta, PLASCHEMA.

Yau darasin tafiyar da asibiti ya shiga manhaja, ana tambaya a jarrabawa: kasafin kuɗi, ɗaukar ma'aikata, ajiyar fayil. Mai koyon aiki a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo yana da akanta da sashen sayayya, bai taɓa ganin littafin sito ba. Sai ranar da ya buɗe nasa asibitin a Bukuru, mai gida ya zo karɓar kuɗin haya.