Gwajin Gashin Kai

Gwajin gashin kai hanya ce ta auna ƙananan sinadarai irin su zaiba, dalma da arsenik da suka taru a jikin mutum. Gashi na tsiro kimanin santimita 1 a wata, saboda haka silin da aka aske daga ƙeya yakan nuna abin da ya shiga jiki watannin baya. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, akwai na'urar nukiliya ta bincike da ta fara aiki a 2004, mai iya irin wannan awo.

Gwajin ya fi inganci wajen gano zaiba. A kan dalma kuwa, ba a cika dogaro da shi ba, domin ƙurar gona, hayaƙi, lalle da man kitso duk suna manne wa gashi su ɓata sakamako. Lokacin da gubar dalma ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara a 2010, jini likitoci suka ɗiba.