Tseren kwale-kwale da halin da Kogin Hadejia ke ciki

Jama'a, duk shekara wajajen Maris ko Afrilu ɗaliban jami'ar Oxford da na Cambridge kan kara a tseren kwale-kwale a kogin Thames na Landan. Mutum takwas na tuƙi, ɗaya na riƙe da akala, tafiyar kilomita 6.8. Abokai biyu suka ƙulla abin a 1829, Oxford ta ci na farko, kuma tun 1856 ake yi duk shekara in ban da lokutan yaƙin duniya da 2020 ta korona. A 1912 jiragen biyu duk ruwa ya cika su, aka sake tseren bayan kwana biyu.

Mu ma Arewa ba baƙi ba ne a wannan harka. Bikin Argungu ya samo asali ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara garin bayan doguwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. Mutane sun fi sanin kamun kifin Matan Fada, amma a wasannin kabanci akwai tseren kwale-kwale, kuma UNESCO ta sa bikin cikin al'adun duniya a 2016. Duk da haka sai da ya yi wajen shekara goma ba a yi ba, kafin a dawo da shi a 2020.

To mu Hadejiawa fa? Matuƙa dai muna da su. Duk wanda ya ga yaran masunta na Guri ko Kirikasamma a tsaye cikin jirgi da gora a hannu ya san ba wasa. Ruwan ne ya sauya. Da can kogin kan cika da damina, ya malala fadama, ya janye da rani, manomi da masunci da makiyayi kowa ya san lokacinsa. Aka gama dam ɗin Tiga a 1974, na Challawa a 1992, ruwa ya koma zuwa kaɗan-kaɗan rani da damina. Abin da kachala ke so ke nan. Ta toshe hanyoyin ruwa har Marma, ta zama maɓoyar jan-baki mai cinye shinkafa, ruwa kuma da ya rasa hanya sai ya faɗa gonaki da gidaje. Mun gani a 2020, mun gani a 2022. Yau in ka ji labarin kwale-kwale a Jigawa, wallahi galibi na kwashe mutane ne daga ambaliya, ko kifewar jirgi.

Ga Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, ga ta Tarayya a Dutse, duka sun haura shekara goma. Ni dai zan so in ga sun kara a ruwa, masunta su koyar da su. Amma a ganina kafin a sayi kofi, a fara tambayar Hukumar Kogin Hadejia-Jama'are kilomita nawa na kogin aka yashe bana, kuma a ina.